Hawan Kibo a kan keke: kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa

Na Bukuru:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai samari biyar da suka fara fita keke tare da mu tun bayan ƙaramar salla, yanzu sun matsa mini lamba sai na kai su Hawan Kibo, hawan dutsen nan da ke kan hanyar Jos zuwa Akwanga. Sun ga sunan wurin a Strava, manhajar waya da ke rubuta tafiyar mai keke da lokacin da ya yi, sun ga mutanen Abuja na saka hotuna a bakin ruwan Assop da ke ƙasan dutsen, shi ke nan hankalinsu ya koma can. Ni kuwa sau biyu kacal na taɓa hawansa, kuma duka biyun a bayan manya nake, inda suka sa taya nan nake sa tawa. Wannan ɗan sanin bai isa in ja wasu ba. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya taɓa hawa ko gangara wurin a kan keke ya ba mu labarin abin da ya same shi. Ba "an ce" nake nema ba. Wane wata ka je, me ka tarar a kan kwalta, me wayarka ta nuna maka, me kuma ta bari sai da ka gani da kanka. Iyayen yaran nan amana suka ba ni.

Baban Gangare:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka tashi. Ni da keken Rale mai giya ɗaya na fara zuwa wurin nan, lokacin babu waya balle manhaja, kuma fiye da rabin hawan turawa na yi. Yanzu ina da keken tsere, amma dutsen yana nan yadda na san shi.

Abin da nake so ka fara lura da shi, mu mutanen Jos lissafinmu a juye yake. Garinmu yana sama, kusan mita 1,200 daga matakin teku. Wanda ya taso daga Akwanga ya bi ta Forest, hawa yake fara yi. Mu kuwa in muka taso daga gida, ta Mararrabar Jama'a da Riyom, gangara muke fara cin karo da ita, bayan mun riga mun ci kilomita hamsin da wani abu. Da sassafe ne, yatsu sun ƙage da sanyi, ba su jin birki sosai, kuma ba ka san abin da dare ya bari a kan hanya ba. Sannan ka isa ƙasa, ka juyo, ka fuskanci hawa da gajiyayyun ƙafafu, ga kuma doguwar tafiya zuwa gida tana jira.

Don haka in ka ji shawarata, ku zuba kekunan a mota ku sauka ƙasa, wajen Assop, ku fara da hawa. Mai hawa a hankali yake tafiya, yana da lokacin kallon ɗaya hannun. Ka ce wa yaran kowa ya riƙa duba ɓangaren da zai bi in an juyo: ina rami yake, ina yashi ya kwanta, ina mota ta lalace. Ni har yau haka nake yi, ina haddace kwanonin ɗaya bayan ɗaya kamar mai tilawa.

A hawan kuma su sa giya mai sauƙi tun daga farko. Ma'aunina guda ne: in aka yi maka sallama ka kasa amsawa cikakkiya saboda haki, to ka yi sauri, rage. Kowa ya riƙe goran ruwa biyu da dabino a aljihu, ya ci tun kafin yunwa ta zo. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai jan keke, Kubwa:

Baba ya faɗi gaskiya, kuma ni ne shaidar abin da ke faruwa in ba a ji ba. Ban taɓa ba da labarin nan dalla-dalla ba, amma tunda yara za ka kai, bari in faɗa.

Cikin watan Agusta ne, an kwana ana ruwa, gari ya waye garau. Mu huɗu muka hau lafiya, har na karya lokacina na baya, raina fes. A sama muka sha shayi muka juyo. Wayata tana ɗaure a kan keke tana nuna mini gudun da nake yi, ni kuma na riƙe a kaina mintunan da na yi a gangarar da ta wuce, ina so in rage su. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda nake tsere da shi sai kaina. Abokaina na bar su a baya.

Da na doshi wata kwana, na hango baƙin tabo ya malale daga tsakiyar hanya zuwa gefe. Na ɗauka jiƙa ce ta ruwan dare, don ko'ina akwai irinta. Na ɗan sunkuyar da ido na dubi lamba a waya, na ɗago, na kwantar da keken zan sha kwanar. Ashe man gas ne. Ba wani gargaɗi, ba santsi kaɗan-kaɗan da mutum zai gyara. Tayar gaba kawai ta ɓace daga ƙarƙashina. Na ji ƙarar hular kwanona a kan kwalta kafin in ji zafin komai. Na ja jiki a ƙasa har bakin lambatu. Da akwai mota tana hawowa a lokacin, da ba ni ke rubuta wannan ba, Allah ne ya tsare.

Ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa ya karye, cinyata da gwiwar hannu duk sun saɓule. Wasu mata masu sayar da ayaba a gefen hanya su suka fara isowa, ɗaya ta cire mayafinta ta tare mini rana, wani direba ya tsaya ya tare hanya da motarsa har abokaina suka iso. Ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma kullum suna cikin addu'ata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai sai da na dawo daga asibiti na buɗe wayar. Layin tafiyar yana nan a kan taswira, ja, sumul, ya sha kwanar ya tsaya. Gudun ya nuna sifili. Babu alamar mai, babu alamar komai. Wanda zai duba wannan taswirar gobe zai ga hanya ce mai kyau. Ba na ɗora wa manhaja laifi, ba ta ce za ta duba mini kwalta ba. Ni na ba lamba idon da ya kamata in ba hanya. Wata uku ban hau keke ba. Yanzu in zan gangara, wayar tana aljihun baya.

Tsohon direban tirela:

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara kiyayewa. Ni shekara goma sha huɗu na yi ina bin hanyar nan da babbar mota kafin likita ya ce in nemi motsa jiki na koma keke. Bari in gaya muku yadda wurin yake daga cikin kan mota, don yawancin abin da ke kayar da ku mu ne muke barinsa.

Man da ka taka, galibi daga tanki ne da aka cika maƙil ko murfinsa bai rufu da kyau ba. In mota ta sha kwana sai ya fantsalo, shi ya sa a kwana ake samunsa, daidai inda mai keke ya fi bukatar taya ta kama. Ko kuma mota ta lalace a hawa, bakanike ya kwance inji a wurin, baƙin mai ya zube. In rana ta haska shi za ka ga yana ɗaukar ido da launi-launi, kuma in kana tafiya a hankali hancinka ma zai gaya maka. Ruwan farko bayan an daɗe ba a yi ba ya fi kowanne haɗari, don yana taso da duk man da ya shige cikin kwalta.

Na biyu, weji. In mota ta tsaya a hawa, yaron mota yakan tokare tayoyi da dutse ko gungume don kada ta koma baya. In an gyara an tashi, ba kowa ke komawa ya kawar da shi ba. Dutse kamar kan mutum a tsakiyar hannunka, bayan kwana. Haka rassan itace da ganye da muke jerawa a hanya a matsayin alama. In ka ga ganye a kwalta, ko ya bushe, ka ɗauka akwai mota tsaye a gaba, ko an bar duwatsu a wurin.

Na uku kuma shi ne wanda nake roƙonku da Allah. Mota mai kaya in tana gangarowa, da giya direba ke riƙe ta, don in ya dogara da birki kaɗai zai yi zafi ya daina kamawa. Wurin nan ya ci rayuka da yawa ta haka, duk wanda ke bin hanyar Jos ya sani. In kuka ji hon ba ƙaƙƙautawa daga baya, ko warin birki ya ƙone, kada ku tsaya waiwaye, ku fita daga kwalta gaba ɗaya. Kuma kada yaro ya kuskura ya kama jikin mota tana hawa don ta ja shi. Direba ba ya ganinsa, kuma in giya ta kuɓuce motar baya take yowa.

Na Bukuru:

Malam direba, Allah ya saka da alheri. Maganar weji ban taɓa kawo ta a raina ba, alhali na sha ganin duwatsun.

Mai gyaran keke, Terminus:

Ni sau da yawa ina bin masu hawa a mota da kayan aiki, sau uku kuma na hau da kaina. Abin da ya fi kawo mini aiki daga wurin nan abu biyu ne.

Na farko iska. Samari suna son su ɗura wa taya iska har ta zama kamar ƙarfe, wai ta fi gudu. A kwalta mai kyau ma ba lallai ba ne, balle a tamu. Taya mai tauri tsalle take yi a kan tsakuwa, ba ta kama ƙasa. In kuma iskar ta yi kaɗan, ka daki bakin rami, rim zai matse tif ya huda shi wuri biyu kusa da juna kamar saran maciji, kuma faci ba ya cika riƙe irin wannan. In keken zai ɗauki taya mai faɗin milimita 28, a sa ta, ta fi 23 nesa ba kusa ba a irin hanyar nan. Kowa ya zo da tif biyu da famfonsa.

Na biyu zafin birki. Mai tsoro yakan damƙe birki tun daga sama har ƙasa bai saki ba. In birkin roba ne mai kama rim, rim ɗin zai yi zafin da ba za ka iya taɓa shi ba, iskar ciki ta kumbura, tif ya iya fashewa ana cikin gudu. Na taɓa ganin haka da idona a tayar baya, Allah ya sa yaron bai faɗi ba. Birkin faifai ba ya fasa tif, amma shi ma in ya yi zafi sosai kamunsa na raguwa. A kama da ƙarfi kafin kwana, a saki, a bar shi ya sha iska. In hannu ya gaji, a tsaya a wuri mai fili a huta. Ka turo mini yaran ranar Alhamis in duba robar birkinsu, ba sai sun biya ba.

Injiniya, Lafiya:

Ƙari kaɗan a kan abin da ake gani a kwaltar. A hannun masu hawa, inda manyan motoci ke jan jiki da nauyi, kwalta takan lotsa ta yi kwari biyu a sawun taya, tsakiya da gefe su taso kamar kunyar gona. Mota ba ta damu ba, amma siririyar taya in ta shiga kwarin ta nemi fita a karkace, faɗuwa ce. Ni a nan na taɓa zubewa, ina hawa ma, ba gudu nake ba. Sannan ruwan sama yana gangaro da yashi da tsakuwa daga jikin dutse ya tara su a cikin kwana. Rami kuwa a damina ba ya jira: ruwa ya shiga tsaga, mota ta taka, cikin mako biyu wurin da ka sani lafiyayye ya buɗe. In rami ya cika da ruwa ba ka san zurfinsa ba, kauce masa. A kula da bakin kwalta ma, wani wurin ya zaizaye ya bar gaɓa, in tayarka ta sauka kada ka yi ƙoƙarin komowa da gudu, tsaya tukuna.

Ɗalibi, Naraguta:

Iyayena da yayyena, ku yi haƙuri in sa baki, don kada yaran su ɗauka manhajar ce abokiyar gaba. Ni ita ta sa na dage da keke. Ganin lokacina na raguwa wata bayan wata a kan hawa ɗaya ya fi mini kowace irin nasiha. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata a san yadda suke aiki.

GPS ba ya bukatar data ko sabis, da tauraron ɗan'adam yake magana, don haka ko sabis ya ɗauke a tsakanin duwatsu tafiyarka tana rubutuwa, sai ka samu intanet ta hau. Amma wanda ke bibiyarka kai tsaye daga gida, ta Beacon, wato sashen Strava mai nuna inda kake, ko ta WhatsApp, shi sai da sabis zai ga inda kake. Ni mahaifiyata ta taɓa ganin alamata ta tsaya wuri ɗaya kusan rabin awa, hankalinta ya tashi ƙwarai, alhali ina ta hawa. A gaya wa na gida wannan tun kafin a fita.

Lissafin tsayin da aka hau kuma yakan bambanta. Mun hau tare da wani yayana, shi da na'urar Garmin mai auna nauyin iska, ni da waya, muka tashi da lambobi daban. Ba abin jayayya ba ne. Kashi da ake rubutawa a hawa ma'anarsa mai sauƙi ce: kashi 5 na nufin kowace mita 100 da ka yi gaba ka ɗaga sama mita 5. Amma matsakaici ne, yana iya ɓoye wani gutsure mai tsananin tsayi a tsakiya.

Wanda ya fi muhimmanci: a yankin hanya da manhajar ke jera lokutan mutane ana gasa a kansa, agogo ba ya tsayawa don ka tsaya. Wannan ne ke sa mutum ya ƙi rage gudu a inda ya kamata. Kambin da suke rubutawa KOM, wato sarkin dutse, wanda ake ba wanda ya fi kowa sauri a yanki, ya taɓa jawo rasa rai. A 2010 wani mai keke ya rasu a wata gangara kusa da Berkeley a Amurka, iyalansa suka kai Strava kotu a 2012 suna cewa neman ƙwato kambinsa ne ya kai shi, kotu ta kori ƙarar a 2013. Manhajar tana da wurin da za ka kai rahoton cewa yanki yana da haɗari, in an yi haka jerin gwanayen wurin yakan rufe. Ni a ganina gangarar Kibo ta cancanci haka. Hawan kuwa a bar mana shi, a nan ƙarfin mutum ne kawai ke aiki. Kuma in kun ga wani lokaci da hankali ba zai ɗauka ba a saman jerin, wataƙila mantawa aka yi ba a kashe waya ba aka shiga mota, shi ma ana iya kai rahotonsa. Kada yaro ya kashe kansa yana bin lokacin da mota ta yi.

Mai jan keke, Kubwa:

Ƙanena, na yarda da kai a kan hawa. A gangara dai ko an rufe jerin, mutum yana riƙe da nasa lokacin a ka, kamar yadda na yi. Abin da na koma yi shi ne in kashe rikodin a sama, in sake kunna sabo in na isa ƙasa. Gangarar ba ta cikin lissafina ko kaɗan.

Anti Nas, Rayfield:

Sannunku. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na hau wurin sau huɗu tare da maigidana da ƙannensa, kuma sau ɗaya na tsaya a kan wanda ya faɗi. Abin da na gani ranar shi ya sa nake magana. Mutane da kyakkyawar niyya suka rufu a kansa, wannan na jan hannu, wancan na son cire masa hula, wani na ɗura masa ruwa. In wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ko ya ce hannu ko ƙafa sun mutu, kada a ɗaga shi, kada a juya kansa, sai dai in barinsa a wurin ya fi haɗari. A fara tare motoci. In ya bugu a ka sannan ya yi amai, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko barci na fizgarsa, asibiti kai tsaye ko da ya ce lafiyarsa ƙalau. Saɓulewar fata a wanke ta da ruwa mai tsabta sosai har ƙasar ta fita, kada a zuba mata man birki ko fetur kamar yadda wasu ke yi a hanya, kuma a duba maganar allurar tetanus. Hular da ta daki ƙasa ta gama aikinta, ko ba a ga tsaga ba a canza ta. Safar hannu ma tana ceton tafin hannu ƙwarai.

Sai maganar sirri, musamman ga mata. In ka kunna rikodi daga ƙofar gida, ka nuna wa duniya gidanka da lokacin da kake fita. A 2018 taswirar da ke tara sawun masu amfani da Strava ta fallasa fasalin sansanonin sojoji a Afghanistan da Siriya, balle gidan mutum. Akwai wurin ɓoye farkon tafiya da ƙarshenta a cikin saitin, a kunna shi. Ni ba na saka tafiya sai na dawo gida. Kowa ya san yankin Riyom ya sha fama da tashin hankali, don haka mu ba ma fita sai gari ya waye sosai, muna tambayar mutanen wurin halin da ake ciki tun ana gobe, kuma a shingen jami'an tsaro muna rage gudu mu gaisa mu faɗi inda za mu. Sau ɗaya a nan aka gaya mana tanka ta faɗi a ƙasan dutsen, muka fasa gangarawa.

Baban Gangare:

'Yata Anti Nas ta tuna mini da hazo. A damina wani lokaci gajimare yakan sauko ya rufe saman dutsen, ba ka ganin mita ashirin gabanka, a hunturu kuma ƙura da sanyi. Fitila ja a baya ko da rana ne, da riga mai haske. In kun iso sama kun tarar ya rufe, ku zauna wurin masu dankali ku jira.

Na Bukuru:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na tsayar. Ranar Alhamis yaran za su kai kekunansu Terminus. Asabar in Allah ya kai mu za mu ɗauki bas mu sauka Assop, muna kallon hanya tun daga cikin mota. Za su hau da wayoyinsu a kunne, kowa ya samu lokacinsa na farko ya ajiye. A sama za a kashe. Wannan karon ba wanda zai gangara a kan keke, motar za ta biyo mu a baya ta kwashe mu. In sun hau sau biyu ko uku sun san kwanonin, sai mu yi maganar gangara, ni a gaba, wani babba a baya. Yaya na Kubwa, in ka amince zan karanta musu labarinka kamar yadda ka rubuta shi.

Mai jan keke, Kubwa:

Karanta musu. Tsagaggiyar hular ma tana nan ban yar ba, zan ba direban da ke zuwa Jos ranar Juma'a ya kawo maka, su riƙe ta a hannunsu.

Baban Gangare:

Ku ajiye mini wuri a bas ɗin. Ni zan tsaya a bayan wanda ya fi kowa jinkiri, mu hau tare. Dabinon kuma a bar mini, zan zo da shi.